BABI NA UKU: RASHI, SAKE AURE DA HAƊAKAR 'YA'YA A TSOFAFFIN FINAFINAN INDIYA

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an yi bayanin yadda finafinan Indiya suka shigo ƙasar Hausa ta hannun 'yan kasuwa 'yan asalin Labanon, da yadda suka samu karɓuwa a gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato. A wannan babi kuwa za a dubi jigo guda daga cikin jigogin waɗannan finafinai, wato abin da ke faruwa da gida idan mutuwa ta ɗauke miji ko mata, sannan wanda aka bari ya yi niyyar sake aure alhali akwai 'ya'ya a tsakani. An zaɓi finafinai takwas na harshen Hindi da aka yi daga 1956 zuwa 1983. Su ne: Ek Hi Raasta (1956), Gumrah (1963), Kati Patang (1971), Andaz (1971), Sholay (1975), Khatta Meetha (1978), Prem Rog (1982) da Masoom (1983).

Abin da babin zai yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, a waɗannan finafinai maraya ne waliyyin aure na biyu. Idan matar da mijinta ya rasu tana da ɗa, fim yakan samar mata hanyar sake aure da sunan ɗan. Idan ba ta da shi, to ko dai a hana auren, ko kuma sai an zubar da jini kafin ya yiwu. Daga nan sai a duba abin da wannan tsari ya ƙara wa finafinan da abin da ya rage musu, da kuma yadda mai kallo Bahaushe yake karɓar su.

3.1 Matsayin Matar da Mijinta Ya Rasu a Al'adar Hindu

Kafin a shiga finafinan, ya dace a san ƙasar da suka tsiro a kanta. A tsakanin mabiya addinin Hindu masu babban asali, irin su Brahman da gidajen sarauta da ake kira Thakur, ana ɗaukar aure a matsayin ƙullin da mutuwa ba ta warware shi ga mace. Da zarar miji ya cika, ana fasa awarwaron da ke hannun matar, a goge jan garin da matan aure ke sawa a tsagar gashinsu, ta cire kayan ado, ta koma sanya farin sari. A wasu gidajen har aske mata kai ake yi, a rage mata abinci, a kuma nisanta ta daga wurin biki saboda ana camfa ta da rashin sa'a.

Turawan mulkin mallaka sun haramta al'adar sati, wato ƙona mace tare da gawar mijinta, a shekarar 1829, bayan fafutikar mutane irin su Raja Ram Mohan Roy. A 1856 kuma aka yi dokar da ta halatta wa matan Hindu sake aure bayan rasuwar miji, wadda malamin nan na Bengal, Ishwar Chandra Vidyasagar, ya yi tsayin daka a kanta. Sai dai dokar ta zo da sharaɗi mai nauyi: matar da ta sake aure ta rasa haƙƙinta a dukiyar mijinta na farko. Ke nan an buɗe mata ƙofa, amma an ce ta fita hannu rabbana.

Wajibi ne a lura cewa wannan tsanani bai game dukkan mutanen Indiya ba. Musulmi da Kirista da Farisawa ba su da wannan hani a addininsu, haka kuma manoma da yawa na yankin Punjab da Haryana sun saba aurar da matar mamaci ga ƙanensa. Saboda haka matsalar da finafinan suke tattaunawa matsala ce ta gidajen masu asali da masu hali, kuma daga irin waɗannan gidaje ne yawancin taurarin labarin suke fitowa.

3.2 Yadda Ake Nuna Rashi

Dabaru biyu ne suka fi fitowa wajen nuna baƙin cikin rashi a finafinan da aka nazarta. Ta farko ita ce launi. Tun da finafinai masu kala suka yawaita, farin sari ya zama harshe mai zaman kansa, musamman idan aka ajiye shi kusa da bikin Holi, inda jama'a ke watsa wa juna garin launi iri-iri. A Sholay, yayin da mutanen ƙauyen Ramgarh suke rawa suna watsa launi, ana nuna Radha (Jaya Bhaduri) daga nesa cikin fararen kaya tana kallo. Haka kuma a Kati Patang, tauraruwar tana tsaye a gefe cikin fari yayin da ake waƙar bikin. Mai kallo ba ya bukatar fassara kafin ya gane cewa an fitar da wannan mace daga cikin masu rai, ko da yake tana numfashi.

Dabara ta biyu ita ce waiwaye, wato komawa baya a nuna rayuwar da ta wuce. A Andaz, Rajesh Khanna bai daɗe a fim ɗin ba, kuma duk fitowarsa a cikin tunanin matarsa ne, yana tuƙa babur yana waƙa tana bayansa tana dariya. A Sholay ma baran gidan, Ramlal, shi ya ba Jai labarin yadda Radha take kafin rashi, sai aka nuna ta yarinya mai surutu da son launi. Amfanin waiwaye shi ne yana sa mai kallo ya ga girman abin da aka rasa. Amma yana da wani aiki na biyu da ya shafi jigon wannan babi: yana mai da mamaci ya zama kishiyar mai neman auren. Duk wanda zai nemi matar, sai ya fara gogayya da wani mutum da ba ya tsufa, ba ya kuskure, domin a tunani kawai yake zaune.

3.3 Rashin Mata: Gumrah

Idan namiji ne ya yi rashi, finafinan ba sa ɗaukar sake aurensa a matsayin abin muhawara. Tambayar da ake yi ita ce, wa za ta riƙe yaran? Gumrah na B. R. Chopra misali ne bayyananne. Kamla (Nirupa Roy) ta rasu ta bar mijinta lauya, Ashok (Ashok Kumar), da yara biyu. Don gudun kada yaran su faɗa hannun matar uba baƙuwa, sai aka aura masa ƙanwar marigayiyar, Meena (Mala Sinha), alhali zuciyarta tana wurin Rajendra (Sunil Dutt), mai zane da waƙa.

Abin lura a nan shi ne, babu wanda ya tambayi Ashok dalilin da ya sa bai zauna da tunanin matarsa ba. Ba a canja masa tufafi ba, ba a hana shi zuwa kotu ba. Nauyin rashin gaba ɗaya ya koma kan Meena, wadda ta yi rashin yaya kuma ta yi rashin masoyi a lokaci guda, sannan fim ɗin ya kira ta da sunan da ya ɗauka, wato wadda ta ɓace hanya, saboda ta ci gaba da ganawa da Rajendra a ɓoye. A ƙarshe ta rufe wa Rajendra ƙofa ta zaɓi gidan mijinta. A ganin mai wannan nazari, Gumrah ya yi nasara wajen nuna cewa auren da aka ƙulla don yara yana iya zama kurkuku ga wadda aka aura, amma ya kasa bin wannan gaskiya har ƙarshe, domin ya ɗora laifin a kan wadda aka zalunta. Wannan zubi na aurar da ƙanwa saboda marayu ya sake fitowa bayan shekara 31 a Hum Aapke Hain Koun (1994), sai dai a can an gano soyayyar ƙanwar kafin a ɗaura.

3.4 Maraya a Matsayin Waliyyi: Ek Hi Raasta da Andaz

Ek Hi Raasta ya fito a 1956, shekara ɗari daidai bayan dokar Vidyasagar, kuma B. R. Chopra ne ya ba da umarninsa. Malti (Meena Kumari) da mijinta Amar (Sunil Dutt) suna zaune lafiya da ɗansu Raja, har wani ma'aikaci da Amar ya tona wa asiri ya yi sanadin mutuwarsa. Ubangidan Amar, Prakash (Ashok Kumar), ya ci gaba da taimaka wa iyalin, mutanen gari suka fara tsegumi, sai ya aure ta. Sunan fim ɗin kansa, wanda ke nufin hanya ɗaya tilo, ya faɗi matsayinsa: ba a gabatar da auren a matsayin abin da Malti take so ba, an gabatar da shi ne a matsayin mafitar da ta rage don kare mutuncinta da tarbiyyar ɗanta.

Ƙarfin wannan fim yana cikin abin da ya biyo bayan auren. Raja ya ƙi karɓar Prakash a matsayin uba, kuma masu neman ɓata gidan suka shiga ta wannan kafa. Auren da malaman addini suka ɗaura, doka ta yarda da shi, bai zauna ba sai da yaron ya sauko. Wato hukuncin ƙarshe a hannun maraya yake.

Andaz, fim na farko da Ramesh Sippy ya ba da umarni, ya ɗauki wannan tsari ya ninka shi biyu. Sheetal (Hema Malini) ta auri Raj (Rajesh Khanna) a ɓoye ba da yardar mahaifinsa ba, ya rasu a haɗari ya bar ta da ciki, mahaifin nasa kuma ya ƙi karɓar ta. Ta haifi Deepu, ta kama aikin koyarwa. Shi kuma Ravi (Shammi Kapoor) matarsa Mona (Simi Garewal) ta rasu wajen haihuwar 'yarsu Munni. Munni ta shaƙu da malamarta Sheetal, Deepu ya shaƙu da Ravi, kuma kafin manyan su furta wata kalma ta so, yaran sun riga sun haɗa gidan a zukatansu.

An gina Andaz a kan wani fim na Faransa na 1966 wanda Claude Lelouch ya yi, inda mace da namiji da kowannensu ya yi rashi suka haɗu ta dalilin makarantar 'ya'yansu. Bambancin shi ne, a fim ɗin Faransa abin da ke tsakanin masoyan tunanin mamaci ne kawai, babu wanda ke tuhumar matar don ta so wani. A Andaz kuwa sai da aka jera hujjoji kafin a bar Sheetal ta so Ravi: ɗanta yana bukatar uba, 'yarsa tana bukatar uwa, shi ma ya taɓa aure don haka ba a ce saurayi ya ɗauki bazawara ba, kuma dangin mijinta sun riga sun yasar da ita. Kowace hujja daga cikin waɗannan an kawo ta ne don a kwantar da hankalin mai kallo.

Duk da haka, Andaz ya fi sauran finafinan adalci ta fuska ɗaya. Ya ba rashin namiji da rashin mace nauyi kusan ɗaya, kowanne da waiwayensa, kuma ya nuna cewa son mamaci ba ya hana son mai rai. Rauninsa shi ne ya ƙare daidai inda wahala take farawa. Ba a nuna ranar da Deepu da Munni za su yi faɗa a kan wanda uba ya fi so ba.

3.5 Inda Babu Ɗa: Sholay, Prem Rog da Kati Patang

Hanya mafi sauƙi ta gwada wannan ra'ayi ita ce a duba finafinan da matar ba ta da ɗa. Shekara huɗu bayan Andaz, Ramesh Sippy ya yi Sholay, tare da marubuta Salim Khan da Javed Akhtar waɗanda su ma suna cikin marubutan Andaz. Radha surukar Thakur Baldev Singh (Sanjeev Kumar) ce, wadda ɗan fashi Gabbar Singh ya kashe mijinta tare da sauran mutanen gidan. Soyayyarta da Jai (Amitabh Bachchan) kusan babu magana a cikinta: da daddare tana bin fitilun baranda tana ragewa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana zaune a ƙasa yana busa ɗan abin kiɗansa na baki. Thakur da kansa ya tafi wurin mahaifinta ya nemi a yarda ta sake aure, aka kuma yarda. Amma kafin a ɗaura, Jai ya mutu a fafatawa da mutanen Gabbar. Radha ta yi rashi na biyu, ta koma cikin farinta.

Ana iya cewa labarin yana bukatar mutuwar Jai don ya nuna girman abota. Wannan gaskiya ne. Amma abokai biyu ne a fim ɗin, kuma wanda aka bari da rai shi ne Veeru (Dharmendra), mai neman budurwa Basanti. Wanda aka kashe shi ne mai neman matar mamaci. Da haka fim ɗin ya ci riba biyu: ya samu yabon cewa ya goyi bayan sake aure da bakin Thakur, kuma bai nuna auren da zai ɓata wa wani mai kallo rai ba.

Prem Rog na Raj Kapoor shi ne ya fi fuskantar matsalar gaba da gaba. Manorama (Padmini Kolhapure), 'yar gidan sarauta, mijinta ya rasu a haɗarin mota 'yan kwanaki bayan biki. Wan mijin ya yi mata fyaɗe, ta koma gidan iyayenta, inda aka ware ta aka ɗora mata dokokin takura. Devdhar (Rishi Kapoor), talaka maraya da ya yi karatu da taimakon gidansu, shi ya tsaya sai ya aure ta. A nan babu yaron da za a fake da shi, so ne tsagwaronsa, ga kuma bambancin asali. Sakamakon haka fim ɗin bai samu hanyar kammalawa cikin lumana ba, sai da aka yi faɗa da wuta da asarar rayuka kafin masoyan su haɗu. Kyawun Prem Rog shi ne ya tona munafuncin mazan da ke tsare al'ada da rana suna keta ta da dare. Amma ya biya farashi, domin sai da ya tara wa Manorama wahala iri-iri kafin ya ga ta cancanci a tausaya mata, kamar dai rashin miji kaɗai bai isa hujja ba.

Kati Patang na Shakti Samanta kuwa zillewa ya yi. Madhavi (Asha Parekh) ta gudu ranar aurenta, ta haɗu da ƙawarta Poonam wadda mijinta ya rasu, tana kan hanyar zuwa gidan surukan da ba su taɓa ganin ta ba. Jirgin ƙasa ya yi haɗari, Poonam ta damƙa mata jaririnta kafin ta cika, ta roƙe ta ta ɗauki sunanta. Kamal (Rajesh Khanna) ya so ta yana zaton matar mamaci ce, mai kallo yana yaba jaruntakarsa, alhali mai kallon ya sani tun farko cewa budurwa ce. Daga ƙarshe ma aka gano Kamal shi ne angon da ta gudu ta bari. Ke nan an yi wa'azin sake aure na sa'o'i, amma auren da aka ƙare da shi na fari ne ga kowannensu.

3.6 Bayan Ɗaurin Aure: Khatta Meetha da Masoom

Finafinai biyu ne suka mai da hankali sosai kan zaman haɗaka kansa. A Khatta Meetha na Basu Chatterjee, Homi Mistry (Ashok Kumar), dattijo mai 'ya'ya maza huɗu wanda matarsa ta rasu, ya auri Nargis Sethna (Pearl Padamsee), wadda ita ma mijinta ya rasu ya bar ta da maza biyu da mace ɗaya. Dalilin auren ba ɓoyayye ba ne: shi ya gaji da girki da wanki, ita ta gaji da riƙon gida ita kaɗai. 'Ya'yan, waɗanda yawancinsu sun girma, suka ƙi juna, ana rigima a kan wurin kwana da abinci. Abin da ya haɗa kansu shi ne matsin da ya zo daga waje, daga attajirin mahaifin Zarine, yarinyar da Firoze ɗan Nargis yake so.

Abubuwa biyu ne suka ba wannan fim damar yin abin da sauran suka kasa. Na farko, barkwanci ne. Na biyu, an ajiye labarin a cikin Farisawan Bombai, mabiya addinin Zartusht, waɗanda ba su hana mace sake aure. Wato sai da aka fita daga gidan Hindu kafin a iya nuna dattijuwa tana aure don ta samu abokin hira, ba tare da kuka ko gobara ba. Ko a nan ma, auren bai zama gida ba sai da 'ya'yan suka sa hannu.

Masoom, fim na farko na Shekhar Kapur, wanda Gulzar ya rubuta daga wani littafin Erich Segal na 1980, babu sake aure a cikinsa, amma shi ya fi zurfafa kallon yaron da ya shigo gidan da ba na uwarsa ba. D. K. (Naseeruddin Shah) yana zaune a Delhi da matarsa Indu (Shabana Azmi) da 'ya'ya mata biyu, sai saƙo ya zo cewa wata mace da ya taɓa tarayya da ita a Nainital, Bhavana, ta rasu ta bar masa ɗa, Rahul (Jugal Hansraj). An kawo yaron gidan bai san D. K. ne mahaifinsa ba. 'Yan matan suka karɓe shi nan da nan. Indu kuwa duk lokacin da ta dube shi cin amanar mijinta take gani.

Abin da ya ɗaga Masoom a kan sauran shi ne bai mai da Indu muguwar matar uba ba. Tana ba yaron abinci, ba ta dukan sa, amma ta kasa sakar masa fuska, kuma fim ɗin ya nuna tana da hujja. Rashi biyu ne suke karo a gidan: yaro ya rasa uwa, mace ta rasa amincin da ta gina rayuwarta a kai. Rahul ya haɗa mata akwatin awarwaro da hannunsa, ya gano gaskiya daga wata wasiƙa, ya gudu daga gida, kuma daga ƙarshe Indu ta je tashar jirgin ƙasa ta hana a tafi da shi makarantar kwana. Inda za a soki fim ɗin shi ne, wanda ya yi laifi D. K. ne, amma wadda aka nema ta yi aikin gyara Indu ce, daidai da yadda aka yi wa Meena a Gumrah shekara 20 kafin nan.

3.7 Finafinan a Idon Bahaushe

Brian Larkin, a wata maƙala da ya buga a 1997, ya nuna cewa Hausawa sun rungumi finafinan Indiya ne saboda suna ganin matsalolin da suka yi kama da nasu, musamman saɓanin zaɓin iyaye da zaɓin masoya. A jigon da ake magana a kai, kamar ta tsaya rabi. Abin da Prem Rog yake yaƙi a kansa ba matsala ba ce a ƙasar Hausa. Matar da mijinta ya rasu tana takaba wata huɗu da kwana goma, ko har ta haihu idan tana da ciki, daga nan ta shiga zawarci, kuma dangi su ne kan gaba wajen matsa mata ta yi aure. Kalmar bazawara ma ba ta bambanta wadda aka saka da wadda aka mutu aka bari ba. Saboda haka Bahaushe yana kallon farin sarin Radha da tausayi, amma tausayin baƙo ne.

Inda finafinan suke taɓa shi kai tsaye shi ne wajen yara. Hausa tana da kalmar agola, wato ɗan da mace ta zo da shi gidan sabon miji, kuma kowa ya san ba kalmar yabo ba ce. Tana da matar uba da mijin uwa da 'yan uba, tana da tatsuniyoyin 'yar bora da marainiyar da kishiyar uwa ke aika ta inda ba a dawowa. Bugu da ƙari, a mazhabar Malikiyya haƙƙin uwa na riƙon yaro yakan faɗi idan ta auri wanda ba muharramin yaron ba, ya koma ga kakarsa ta wajen uwa, a al'ada kuma sau da yawa dangin uba ne suke karɓe yaran. Ke nan abin ya juya: a fim ɗin Indiya mace tana samun aure saboda ɗanta, a ƙasar Hausa kuwa tana iya rasa ɗanta saboda aurenta. Raja na Ek Hi Raasta da Deepu na Andaz agololi ne da sunan Hausa, Rahul kuma ɗan uba ne da aka kawo wa matar gida ba shiri. Tambayar da waɗannan finafinai suke yi, wadda ba kasafai ake yin ta a gidajenmu ba, ita ce: an tambayi yaron? Muna cewa ɗa na kowa ne, amma ba a cika neman jin ta bakinsa ranar da za a canja masa uwa ko uba ba.

3.8 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa finafinan takwas sun kasu gida uku. Akwai waɗanda suka halatta aure na biyu da sunan maraya, wato Ek Hi Raasta da Gumrah da Andaz. Akwai waɗanda matar ba ta da ɗan kanta, sai aka kashe mai neman ta, ko aka zubar da jini, ko aka zille, wato Sholay da Prem Rog da Kati Patang. Sai kuma waɗanda suka shiga cikin gidan suka nuna wahalar zaman, wato Khatta Meetha da Masoom. Fakewa da maraya ya ba masu shirya finafinan damar faɗin abin da jama'arsu ba ta shirya ji ba, kuma ya sa sun ɗauki zuciyar yaro da muhimmanci. Amma ya rage musu wani abu, domin a cikin takwas ɗin babu inda matashiyar da mijinta ya rasu ta buɗe baki ta ce tana son aure don kanta, aka kuma ɗaura cikin kwanciyar hankali. A babi na huɗu za a duba yadda finafinan Hausa suka ɗauki hoton matar uba da agola, da abin da suka aro daga Indiya da wanda suka gada daga tatsuniya.